Batir ɗin mota da ke mutuwa tana ajiye: ina wutar take tafiya?

A wani ƙauye da ke kudu da Maraɗi mota ɗaya ce tak a garin, wata tsohuwar Fijo 504 mai buɗaɗɗen baya. Ita ke ɗaukar buhunan gero da wake ranar kasuwa. Ita ce kuma ke kai marar lafiya gidan likita in ciwo ya tashi cikin dare. Wani dare a tsakiyar damina naƙuda ta tsananta wa wata mata. Ungozoma ta ce a tafi da ita asibiti ba tare da jinkiri ba. Aka tashi mai mota daga barci. Ya shiga, ya murɗa mabuɗi, aka ji ƙas-ƙas sau biyu, daga nan shiru. Samari suka taru suka tura, amma ƙasa ta jiƙe, tayoyi suna nutsewa, mota ta kasa samun gudun da za ta tashi. Daga ƙarshe a amalanken shanu aka kai matar. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya, amma ta sha wahalar da ba dole ba.

Abin da ya fi ƙona wa mai motar rai shi ne batir ɗin sabo ne, bai cika wata uku ba. Kuma shi ne na biyu da ya saya cikin shekara guda. Ya zargi mai kanti, ya ce jabu ya sayar masa. Mai kanti ba shi da laifi. Laifin yana cikin motar, kuma da an san inda za a duba, da aikin awa guda ya isa.

Ƴan uwa masu karatu, wannan matsala ta zama ruwan dare. Mota ta kwana lafiya, ko ta yi kwana uku ko huɗu a ajiye, a zo tayar da ita a tarar batir ya mutu. Yawancin mutane batir suke canjawa. Sau da yawa kuɗin nan asara ne.

Randa da ruwanta

Mu ɗauki batir kamar randar ruwa. In ka tashi da safe ka tarar da randa wayam, to ɗaya daga cikin abu uku ya faru. Ko dai jiya ba a cika ta ba, ko ta tsage tana yoyo, ko kuwa wani yana sha cikin dare ba da saninka ba. Haka batir yake. Ko mota ba ta cika shi lokacin da take tafiya, ko shi kansa ya lalace ba ya riƙe wuta, ko akwai wani abu a jikin motar da ke jan wuta bayan an kashe ta. Wanda ya sayi sabuwar randa alhali ɓarawo yana nan, gobe ma wayam zai same ta.

Irin batir ɗin da ke cikin motocinmu tsohuwar dabara ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1859. A cikinsa akwai ɗaki shida. Kowane ɗaki yana da faranta na dalma da ke jiƙe cikin ruwan asid, kuma kowane yana ba da volt 2 da ɗan kai. In an haɗa su shida sai a sami volt 12 da ƴan kai. Volt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Amper kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke fita ta bakin famfo.

Ka duba jikin batir ɗinka, za ka ga an rubuta wani abu kamar 12V 60Ah ko 12V 70Ah. Lambar ta biyu ita ce girman randar. Batir mai 60Ah yana iya ba da amper 1 har kusan awa 60 kafin ya ƙare. Amma tayar da inji yana bukatar wuta mai yawa a lokaci guda. Saboda haka tun kafin batir ya ƙare sarai, mota za ta fara ƙin tashi, balle in injin na gazuwal ne.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, don shi ne zai nuna mana girman ɓarnar. Ƙaramin ƙwan fitila mai wat 5, irin na cikin akwatin baya, yana cin kusan rabin amper. In ya kwana ya wuni a kunne, ya cinye 10 daga cikin 60. In mota ta yi kwana uku a tsaye, rabin batir ya tafi. Fitilun birki guda biyu kuwa, masu wat 21 kowace, in suka maƙale a kunne, dare ɗaya ya ishe su kashe batir. Ɗan abin da ba ka ɗauke shi komai ba shi ne ke hana ka zuwa kasuwa.

Gwajin da ba ya cin ko dala

Kafin ka je wurin kowa, ga gwajin da kowane mai mota zai iya yi a gida. Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar ƙari (+), wayarsa yawanci ja ce. Ɗayan yana da alamar ragi (−), wayarsa baƙa ce, kuma an ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Makanikai suna kiran wannan waya mas.

A fara cika batir sosai. Da yamma in ka ajiye mota, kashe kontak, cire mabuɗi, ka kwance wayar ragi, ka kawar da ita gefe yadda ba za ta taɓa kan batir ba. A yawancin motoci lakile mai lamba 10 ke kwance ta. Bar motar haka tsawon kwanakin da ta saba yi kafin ta ƙi tashi. Sa'an nan ka mayar da wayar, ka tayar.

In mota ta tashi da ƙarfi, batir ɗinka lafiya yake, ɓarawon yana cikin mota. In kuwa ya mutu alhali ba abin da ke haɗe da shi, to randar ce ta tsage, sai a canja. Wannan gwaji kaɗai ya isa ya hana mutum sayen batir a banza.

Wanda ya sami ɗan abin awon wuta da ake kira miltimetir zai ga lamarin da idonsa. Ana samunsa a shagunan kayan lantarki na manyan garuruwa, kuma kuɗinsa bai kai na batir ba ko kusa. A juya shi zuwa ma'aunin volt, a ɗora jar waya a kan ƙari, baƙa a kan ragi. A yi awon bayan mota ta huta na wasu awoyi. In ya nuna 12.6 ko sama kaɗan, batir a cike yake. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. In ya yi ƙasa da 12.0, kusan babu komai a ciki.

Daga nan a tayar da mota a sake awo inji yana aiki. Ya kamata lambar ta hau zuwa wajen 13.8 har 14.5. Wannan ke nuna altarnata, wato na'urar da ke cika batir lokacin da inji ke juyawa, tana aikinta. In lambar ta tsaya a 12 da ɗan kai, to ba a cika randar. A duba igiyar robar da ke juya altarnata, wadda makanikai ke cewa kurwa. In ta saki tana zamewa, ɗaure ta kawai za a yi. In kuwa lambar ta wuce 15, wuta ta yi yawa, tana dafa batir, tana ƙafar da ruwansa.

A nan akwai wata al'ada da ya kamata a daina. Waɗansu makanikai sukan cire kan batir inji yana aiki, wai su ga ko mota za ta mutu. A tsofaffin motoci ma wannan ganganci ne, don yana iya ƙona altarnata. A motocin zamani masu kwamfuta kuwa, yana iya ƙona kayan da kuɗinsu ya ninka na batir sau da yawa. In ka ga za a yi wa motarka haka, ka hana.

Farautar ɓarawo

In gwaji ya nuna ɓarawon yana cikin mota, a fara da ido da kunne da hannu. Cikin duhun dare ka zagaya motar bayan an kashe ta. Duba fitilun birki. Leƙa akwatin baya da ɗan akwatin da ke gaban mai zaman kusa da direba, ka ga ko haske yana fitowa ta tsaga. Waɗannan fitilu suna da ɗan maɓalli da murfi ke dannawa. In maɓallin ya karye ko murfin ya lanƙwashe, fitila za ta kwana a kunne, ba mai gani. Ka saurara ko wani abu yana ƙara a hankali ƙarƙashin kapo. Da asuba, kafin rana ta ɗumama ƙarfe, ka taɓa altarnata. In ka ji ta da ɗumi alhali mota ta kwana a kashe, wuta tana bi ta cikinta.

In ido bai kama shi ba, sai a yi awo. A kwance wayar ragi kamar dā. A tsohuwar mota ƙwan fitila ƙarami mai volt 12 da aka ɗaura wa waya biyu ya isa. A sa waya ɗaya a kan batir na ragi, ɗayar a bakin wayar da aka kwance. Duk wutar da ke fita daga batir dole ta bi ta cikin ƙwan. In bai kama ba, ba ɓarna mai yawa. In ya kama, ko da ja-ja ne, to ana shan wuta.

Miltimetir ya fi ƙwan faɗin gaskiya, kuma shi ne ya dace da motocin zamani. A mayar da jar wayarsa cikin ramin da aka rubuta 10A, a juya shi zuwa ma'aunin amper, a haɗa shi tsakanin kan batir da wayar da aka kwance. Kada a kuskura a murɗa mabuɗi don tayar da inji yana haɗe haka, nan take zai ƙone. In an gama aiki kuma, a mayar da jar wayar raminta na volt kafin a sake auna batir da shi.

Motar zamani ba ta yin barci da zarar an cire mabuɗi. Kwamfutocinta sukan ci gaba da aiki na ɗan lokaci, wani lokaci minti 20, wani lokaci har kusan awa guda. Sai a rufe ƙofofi a jira lambar ta sauka ta tsaya. Ko bayan ta yi barci, tana cin ɗan abu kaɗan saboda agogo da ƙwaƙwalwar rediyo. In lambar ba ta wuce 0.05 ba, ba laifi. In ta wuce 0.10 ta zauna a nan, akwai abin nema.

Yanzu sai a je akwatin fizibil. Fizibil ɗan abu ne da ke tsaron kowace hanyar wuta, shi ke ƙonewa in wuta ta yi yawa don kada waya ta kama. Yawanci akwai akwati ɗaya ƙarƙashin sitiyari, wani kuma kusa da inji. Mutum ɗaya ya tsaya yana kallon lamba ko ƙwan fitilar. Ɗayan ya riƙa cire fizibil ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da kowane inda ya cire shi kafin ya taɓa na gaba. In aikin yana bukatar ƙofa a buɗe, a danne maɓallin ƙofar ko a cire ƙwan fitilar cikin mota, in ba haka ba ita za ta ruɗe ku. Duk fizibil ɗin da aka cire lambar ta faɗi, ko ƙwan ya mutu, a hanyarsa ɓarawon yake. A jikin murfin akwatin akan nuna abin da kowane fizibil ke tsaro. Daga nan sai a bi kayan da ke kan hanyar, ana cire su ɗaya-ɗaya.

Aikin yana son haƙuri. Mai gaggawa yakan cire uku a lokaci guda, ya manta wuraren su, ya ƙara wa kansa wata matsalar.

Wani lokaci a cire fizibil duka, lambar ta ƙi sauka. To, abu biyu suka rage. Na farko altarnata ce. A cikinta akwai ƙananan ƙofofi da ake kira diyod, masu barin wuta ta wuce zuwa batir amma ba ta dawo ba. In ɗaya ta lalace, sai wutar ta riƙa komawa baya cikin dare. A kwance babbar wayar da ke bayan altarnata, bayan an tabbata wayar ragi ta batir a kwance take, sa'an nan a sake awo. In lambar ta faɗi, a kai altarnata wurin mai gyaran wutar mota. Sau da yawa diyod ɗin kawai ake canjawa.

Na biyu, kuma shi ne ya fi yawa a wurinmu, kayan da aka ƙara wa mota daga baya ne. Rediyo, manyan lasifika, fitilar da aka ɗaura a baya don loda cikin dare, ƙararrawar ɓarayi, na'urar da ke nuna inda mota take, wurin cajin wayar salula. Mai haɗawa yakan so sauƙi, sai ya ja waya kai tsaye daga kan batir, ba ta bi ta kontak ba, ba fizibil. Abin nan ba ya mutuwa ko an cire mabuɗi. Ka duba kan batir ɗinka na ƙari. In ka ga ƙananan wayoyi an murɗa a jikinsa, bi kowace ka ga inda ta nufa. Waya marar fizibil ba batir kaɗai take kashewa ba. In fatarta ta goge ta taɓa ƙarfe, mota tana iya kamawa da wuta.

Manoma su lura da ɓera. Motar da ke kwana kusa da rumbu, ko wadda ake barin tsabar hatsi a cikinta, gidan ɓera ce. Yakan ci fatar waya ya bar ta tsirara. Masu kamiyo mai batir biyu, wato mai volt 24, su ma su kiyaye. In aka ja wayar rediyo ko ta caji daga batir ɗaya kaɗai, wannan ɗayan zai riƙa raguwa fiye da ɗan uwansa, har ya mutu ya ja ɗayan.

Zafi da ƙura

A ƙasarmu batir ba ya daɗewa kamar a ƙasashen sanyi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram da Yamai, ruwan batir yana ƙafewa da sauri, kuma batir yana rage wuta da kansa ko ba abin da ke haɗe da shi. A ajiye mota a inuwa in da hali.

In batir ɗinka mai murafe ne da ake buɗewa, ka duba ruwansa kowane wata. Ya kamata ruwan ya rufe farantan dalma. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Kada a zuba ruwan rijiya ko na famfo, don gishirin da ke cikinsu yana lalata farantan. Kada kuma a ƙara asid. Ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan.

Ƙurar hunturu in ta taru a saman batir ta haɗu da danshin asid, takan zama hanyar da wuta ke bi daga kai zuwa kai. Farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir kuma yana hana wuta wucewa, har mutum ya zaci batir ya mutu alhali kan ne ya yi datti ko ya saki. A jiƙa ƴar kanwa cikin ruwa, a goge saman da kawunan da tsumma, don kanwa tana kashe kaifin asid. Amma a tabbata murafen a rufe suke, kada ko ɗigo ya shiga ciki. A ɗauraye, a bari ya bushe, a ɗaure kawunan tam, a shafa ɗan giris a kai.

Duk lokacin da batir ya mutu sarai, wani abu kamar gishiri yana daskarewa a jikin farantansa. In aka bar shi kwanaki a haka, ko abin ya maimaitu sau da yawa, ba zai sake riƙe wuta kamar dā ba. Haka ɓarawo ke kashe sabon batir. Kuma in an tura mota ta tashi, tafiyar minti 15 ba ta cika shi. A kai shi wurin masu caji ya kwana a kan wuta marar ƙarfi.

Motar da za ta yi sati biyu ko fiye a tsaye, a kwance mata wayar ragi. Akwai kuma maɓallin yanke batir da ake ɗaurawa a kan ragi, a murɗa da hannu ba sai da lakile ba. Ga motar ƙauye da ke fita ranar kasuwa kaɗai, wannan ɗan abu yana da amfani ƙwarai. Sai dai ba ya maye gurbin gyara.

Ku kiyaye lafiyarku

Batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, musamman lokacin caji. Kada a leƙa shi da ashana, kada a sha taba kusa da shi. Batir yana iya fashewa ya watsa wa mutum asid a fuska. Kullum wayar ragi ake fara kwancewa, ita ce kuma ake ɗaurawa daga ƙarshe. Dalili shi ne, in ka fara da ƙari, lakile ya taɓa ƙarfen mota, tartsatsi zai tashi, ƙarfen ya yi zafin da zai ƙona hannu. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a fara aiki.

In asid ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sa'an nan a tafi gidan likita nan da nan. Kada a murza, kada a zuba wani magani. Tsohon batir kuma kada a fasa shi a gida, kada a narka dalmarsa a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Dalma guba ce. Tana shiga jikin yaro a hankali, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa da jininsa. A mayar da tsohon batir wurin masu sayensa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Mai Fijo ɗin can, bayan abin da ya faru, ya kira wani mai gyaran wutar mota daga birni. Mutumin ya sa ƙwan fitilarsa tsakanin batir da waya, ƙwan ya yi ja. Aka cire fizibil duka, bai mutu ba. Sai ya ga wata siririyar waya a kan batir na ƙari. Ya bi ta, ta kai shi bayan rediyon da aka sa wa motar wata takwas da suka wuce, tare da wurin cajin salula. Ya yanke ta, ƙwan ya mutu. Ya sake haɗa rediyon ta hanyar kontak, ya sa masa fizibil. Batir ɗin ya kwana biyu wurin masu caji ya dawo, kuma tun daga ranar mai motar yakan tayar da ita kowace yamma ya ji ƙarfinta kafin ya shiga gida.